Rigar Sanyi Mai Mazaunin Mutum Uku

Mijin yayata mai gyaran kujeru ne, kuma in za a faɗi gaskiya ya iya aikinsa. Ka kai masa kujerar da ɓeraye suka shekara goma suna haihuwa a cikinta, ya dawo maka da ita sai ka ji kunyar zama a kai. Da a nan ya tsaya, da ba ku ji bakina ba. Ciwonsa ɗaya ne: a wurinsa duk abin da ke duniya kujera ce da ba a gama gyarawa ba. Sha-Kurum ake ce masa a layinmu, domin ko rufin ɗakinka ne ya kama da wuta, in ya iso abin da zai fara cewa shi ne, "Sha kuruminka, ai ƙaramin aiki ne." Ni ƙanwar matarsa ce, shagona na gyaran gashi yana kallon nasa, don haka abin da zan gaya muku da idona na gan shi.

'Yarsu ɗaya tilo, wadda muke kira Likita, shekararta shida tana aiki a wani asibiti can ƙarshen arewacin duniya, inda aka ce in ka watsa ruwa sama ƙanƙara ce ke dawowa. A can ta yi aure, a can ta haihu. Yaya ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba. A waya kawai take ganinta, tana shafa gilashin da ɗan yatsa har a kashe, sannan ta shige ɗaki ta ce wai ido ke mata ƙaiƙayi. Wata goma sha huɗu aka yi ana neman takardun tafiya, tun jikar tana ciki. Da suka fito, Likita ta aiko da tikiti biyu, ta kuma ja musu kunne: rana ɗaya ce, jirgi ɗaya, ba a canzawa, kuma ta riga ta ɗauki hutunta na sati biyu a kan wannan ranar.

Ina zaune a gidan ranar da ta kira.

"Kuma Baba," in ji ta, "lokacin sanyi za ku zo, za ku ga hasken arewa. Sama ce ke kamawa da wani haske kore, yana lilo kamar labule. Daga ko'ina mutane ke zuwa kallo."

"Na san shi," in ji Sha-Kurum, wanda bai taɓa jin sunan abin ba sai a wannan minti.

"Kada ku sayi komai. Ku taho da kayan jikinku, zan tare ku a filin jirgi da rigunan sanyi."

Nan fa aka taɓo maigida. Ya miƙa wa Yaya wayar, ya fita tsakar gida yana huci, ni kuma na bi shi don kada a yi ba ni.

"Kin ji ko? Ni da na shekara talatin ina rufe abubuwa, 'yar cikina ce za ta sayo min rigar kanti! Mene ne mutum in ba kujera ba? Ƙashi shi ne katako, nama shi ne soso, fata ita ce yadi. In sanyi ya yi yawa sai a ƙara soso. Ilimin ke nan gaba ɗaya."

Na ce, "Mijin Yaya, ita kujera ba ta zagayawa bayan gida."

"Ke dai gashi kika sani. Gashin ma na wasu."

Kafin hantsin washegari duk layin ya san Sha-Kurum zai je ya duba hasken arewa. Ku lura, duba shi za shi yi, kamar an kira shi gyara. Jika kuwa ta faɗi daga cikin labarin tun a daren farko, ba wanda ya ƙara jin ya ambace ta.

Maƙwabcin shagonsa Mai Walda ne, wani siririn mutum mai baki kamar reza. Shekara ashirin suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa jin ɗayansu ya yarda da maganar ɗaya ba. Wurinsa ya fara zuwa.

"Ara min hulunan waldarka biyu."

"Walda za ka koma?"

"Kai, yi tunani mana. Ɗan tartsatsin da bai kai ƙwayar shinkafa ba kake rufe fuska dominsa. To ina ga hasken da ya cika sama tun daga gabas har yamma? Duk wanda ya kalle shi da ido tsirara, sai an ja shi da sanda."

"To su masu zuwa daga ko'ina ɗin, duk makafi suke komawa?"

"Wa ya bi su gida ya duba?"

Mai Walda ya ba shi hulunan da hannu biyu. Daga baya ya gaya min, wai ko kyauta ya ce a ba shi zai ba shi, domin irin wannan kallon ba a samunsa kullum.

Sai atisaye. Wai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kallon sama aikin wuya ne, dole wuya ya saba. Ranar Litinin da hantsi ya kifa hular walda a ka, ya tsaya a tsakiyar titi, ya maida kai baya, ya ƙame. Kun san halin mutane. Mutum ɗaya ya tsaya ya ɗaga kai. Biyu suka tsaya. Kafin in gama wanke wa wata kai, titi ya cika maƙil, kowa baki buɗe yana kallon sama. Wani ya ce jirgi ne zai faɗo. Wani ya rantse ya ga wutsiyarsa. Wata tsohuwa ta ce ita tun jiya jikinta ya ba ta. Direban bas ya tsayar da mota ya fito da fasinjojinsa. Ana cikin haka wani mai keke, ɗauke da kiret ɗin ƙwai shida, ya taho shi ma kansa a sama, bai tsaya ko'ina ba sai cikin kwata.

Da mai ƙwai ya fito, gwaiduwa har gira, ya ce, "Don Allah me ake kallo?"

Aka nuna masa Sha-Kurum. Ya je ya ƙwanƙwasa hular.

"Baba, me ka gani?"

"Ba komai, ɗana. Sai nan da sati uku."

Wayyo! Mai ƙwai ya bi shi da gudu, sau biyu suka zagaya layin. Shi kuwa cikin hular walda ba ya ganin ko tafin hannunsa, har sai da ya rungumi durom ɗin ruwan Mai Walda suka kife tare. Da aka tashe shi, abin da ya ce shi ne, "Kun ga amfanin hula? Ko ƙwarzane babu a fuskata."

Da yamma ya shigo gida da tef ɗin awo. Ya tsayar da Yaya a tsakiyar ɗaki, ya auna ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya rubuta a bango da fensir.

"Mazaunin mutum ɗaya da rabi," in ji shi.

Yaya ba ta ce uffan ba. Shekara talatin da biyu ke nan da aurensu ba ta ce uffan ba. Da ya fita na kama hannunta.

"Yaya, don girman Allah ki ce ba kya so. Wannan mutumin zai maida ke kayan ɗaki."

"Bar shi, ƙanwata. Ko a buhu zai sa ni, in dai zan ɗauki yarinyar nan."

Ta ƙule ni, wallahi. Haƙurin Yaya ya daɗe yana ƙule ni fiye da shirmen mijinta.

Kwana tara ya rufe shago yana aiki, ba abin da kake ji sai ƙarar bindigar ƙusa da warin gam. Tasa rigar ya fara yi. Soso hawa uku, kowane hawa kaurin tafin hannu. Sifirin na ƙarfe, irin na cikin kujera, goma sha biyu a baya da mazaunai, wai in mutum ya zame a kan ƙanƙara zai tashi da kansa. A sama leda, a saman leda wani yadi mai manyan furanni ja, ya bi shi da maɓallai jere-jere kamar yadda ake yi wa majinginar kujera. Ba zip, domin a cewarsa zip ƙofar sanyi ne. Ta baya ake shiga, sai wani ya haɗe bakin ya bi shi da bindigar ƙusa. Takalmansa kuwa, ya sa Mai Walda ya liƙa musu ƙusoshi a ƙasa don kada su yi santsi.

Ranar gwaji ya fito bakin shago, hannuwa a ware kamar mai shanya, kansa ɗan mitsitsi a sama.

Mai Walda ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Ina ƙananan biyun? Ai saiti ake sayarwa."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Sosa hancinka mu gani."

Ya gwada. Hannu ya tafi rabin hanya, sifirin ya dawo da shi.

"A can hanci ba ya ƙaiƙayi," in ji shi. "Daskarewa yake."

Ya ce zai yi awa uku a ciki don ya ga ƙarfinta. Bayan awa ɗaya zafi ya narkar da shi. Ya jingina da dogon bencin ƙofar shago, ya mirgina ya kwanta ruf da ciki, ya sa aka yafa masa ƙyalle a ka saboda ƙudaje, barci ya kwashe shi.

A daidai nan wata mota ta tsaya. Lauya ce ta fito, wata ƙosasshiyar mace mai gilashi, wadda ta kawo masa kujerun falonta gyara wata biyu da suka wuce. Ta leƙa shago ba kowa. Ta duba agogo, ta ja tsaki, ta waiga ta ga doguwar kujera mai furanni a inuwa. Na buɗe baki zan yi magana. Allah ya sani na buɗe. Mai Walda ya ɗora yatsa a leɓe, ni kuma ba na musu da manya.

Ta zauna da dukan nauyin da Allah ya ba ta.

Kujera ta kurma ihu, "Wayyo cikina!" Sifirin goma sha biyu suka yi aikinsu, sai ga Lauya a tsaye ba tare da ta yi niyya ba, jaka a gabas, gilashi a yamma. Da ta tsinto gilashin ta maida, ba fuskarsa ta kalla ba. Bayansa ta kalla.

"Wannan ba yadin da na kawo ba ne?"

"Ranki ya daɗe, gwada miki shi nake. Ni ba na rufa wa mutum yadin da ban gwada da jikina ba."

"Ina kujeruna?"

Ta shiga shago. Ga su nan jere, katako tsirara, ko ƙyallin soso babu. Ta fito a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Na ji an ce tafiya za ka yi, yaushe za ka dawo?"

"Bayan sati biyu, ranki ya daɗe. Sha kuruminki…"

"Ranar da ka dawo ka same ni a ofis. Ka zo da ita a jikinka, ita ce shaida."

Kuna tsammanin wannan ya sa ya yi sanyi? Ina! Cewa ya yi ko mai shari'a ta zauna ta tabbatar da laushin aikin.

Ranar tafiya ta zo. Jirgi ƙarfe ɗaya na rana zai tashi, an ce su isa filin tun ƙarfe goma. Ƙarfe bakwai na safe na shiga gidan na tarar da sabon ilimi ya sauka. Wai jaka ake aunawa, ba a auna abin da ke jikin mutum. Don haka a jiki za a tafi da rigunan, kuma ya cusa ƙaramar guduma, da filaya, da ƙunshin ƙusoshi a cikin tasa, ko da kujerun Likita na bukatar a duba su.

Ya shiga. Mai Walda ya bi bayansa da bindiga, tas, tas, tas, tun daga wuya har ƙugu, yana yi yana murmushi. Da aka zo kan Yaya, wadda aka riga aka zura cikin tata mai ruwan ƙasa, na tare.

"Ba mai buga wa 'yar'uwata ƙusa ina raye."

"Iska za ta shiga!"

"Ta shiga. Ai ba gawa ba ce."

Na zare igiyar shanya na ɗaure mata bayan da ita. Ya yi ta mita, wai mata ba su san inganci ba.

Sai fita. Ya nufi ƙofar ɗaki, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. A cikin shago ya gwada rigar, ƙofar shago kuwa ta shigar da kujeru ce. Ya juya ta gefe, ciki ya tokare. Muka tura, sifirin ya dawo mana da shi. Aka cire ƙyauren, bai wuce ba. Sai da Mai Walda ya ɗauko ƙarfe ya ɓamɓare katakon ƙofar gaba ɗaya, da bulo biyu a kai, sannan maigida ya fito tsakar gida kamar an haife shi. Ƙarfe tara da rabi.

Mai tasin da aka kira ya leƙo ta taga, ya dube su sama da ƙasa.

"Ba na ɗaukar kayan ɗaki," ya ce, ya ja motarsa.

Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Ƙarfe goma da kwata Mai Walda ya kawo tsohuwar motarsa ta ɗaukar ƙarafa, mai buɗaɗɗen baya. Maza huɗu suka ɗaga Sha-Kurum suka ɗora, aka ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfe kada ya gangaro. Aka ɗora Yaya a gefensa, na hau na riƙe ta. Shi ya kifa hularsa ta walda a goshi, ta Yaya tana kan cinyata.

Rana ta buɗe. Duk inda muka tsaya a danja sai wani ya leƙo daga mota.

"Hajiya, nawa saitin?"

"Wannan mai furannin tana magana, a rage min!"

Gumi na bin Sha-Kurum har yana taruwa a takalmi, amma bakin bai mutu ba.

"Zafin nan ajiya ne, Maman Likita. Soso yana riƙe shi. In mun sauka can, mu za a riƙa matsowa kusa da mu ana jin ɗumi."

Yaya ba ta ji shi ba ma. Idonta na kan agogon hannuna, leɓɓanta na motsi.

Sha biyu saura kwata muka isa. A bakin ƙofar shiga akwai dogon layi, da wata na'ura mai kamar ƙofa da kowa ke bi ta ciki, da wani jami'i mai sanyin murya a tsaye. Aka sauke maigida. Ya taka daɓen filin jirgi da takalman ƙusa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, duk layin ya waiwayo. Mutane suka dare da kansu suka ba shi hanya, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, yana ɗaga musu yatsu.

Jami'in ya ce wa Mai Walda, "Malam, manyan kaya ta ƙofar baya ake bi da su."

"Ni fasinja ne!" in ji kayan.

Jami'in ya ɗan ja baya. "To… bismilla, Baba. Wuce ta nan."

Ya shiga na'urar ya cika ta dam. Ta fara kuka. Ba irin ɗan kukan da take wa mai makulli a aljihu ba, kuka take kamar an taka mata wutsiya, jajayen fitilu na walƙiya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Sai da masu tura kaya biyu suka ja shi ta ƙafa suka dawo da shi inda ya fito.

"Baba, me ke jikinka?"

"Sifirin goma sha biyu, ƙusa wajen ɗari uku, guduma ɗaya. Ƙarama ce."

"Cire rigar."

"Ba ta ciruwa. Ingancinta ke nan."

Jami'in ya shafa fuska da tafin hannu. "To kawo fasfo ɗinku in gani tukuna."

Sai na ga Sha-Kurum ya yi wani murmushi, irin wanda na sani, irin wanda in ya yi shi nake neman inda zan ɓuya. Ya ɗaga murya don layi ya ji.

"Yau za ku san kun haɗu da mai basira. An ce filin jirgi matattarar 'yan sane ce. To ɓarawon da zai sace fasfo ɗina ba a haife shi ba. Suna ciki."

"Cikin ina?"

"Tsakanin soso na biyu da na uku, a gadon baya. Na shafa gam na liƙe."



"Duka biyun?" in ji Yaya. Maganarta ta farko ke nan tun safe.

"Duka biyun mana. Zan bar naki a hannun ɓarayi ne?"

Daidai nan lasifika ta yi magana: masu tafiya a jirgin ƙarfe ɗaya, saura minti ashirin a rufe karɓar fasinja.

"Sha kuruminki, Maman Likita. Yanzu za a koma shago a ɗauko abin cire ƙusa, a bi su ɗaya bayan ɗaya don kada yadin ya lalace. Jirgi ai ba ya tashi ya bar mutum."

"Yana bari, Baba," in ji jami'in. "Kullum."

Na dubi Yaya. Na san fuskarta tun ina goye a bayanta, amma wannan ban taɓa ganinta ba.

"Kwance ni," ta ce.

Ja ɗaya na yi wa igiyar. Rigar ta buɗe ta faɗi, Yaya ta tako daga ciki da kayanta na gida, sharkaf da gumi. Kusa da jami'in akwai wani kwando da suke zuba abubuwan da suka karɓe a hannun matafiya. Ta nuna shi.

"Ɗana, ara min almakashi."

Ya dube ta, ya dubi maigidan, ya tona kwandon ya zaɓo mata wanda ya fi girma.

"Ku kwantar min da shi."

Mai Walda da masu tura kaya ba su jira a maimaita ba. Sai ga Sha-Kurum ruf da ciki a kan daɓe, hannuwa da ƙafafu na iyo a iska.

"Maman Likita! Ke! Yadin Lauya ne! Shaida ce!"

Ta durƙusa ta dafa gwiwa ɗaya a kan mazaunansa, ta soka almakashi a tsakiyar wata jar fure, ta ja. Ƙiiii! Leda ta tsage. Ta sa hannu biyu tana yago soso tana watsarwa. Sifirin na farko ya yi tsalle ya faɗa kan jakar wani mai kwat. Na biyu ya tafi da hular jami'in. Guduma ta faɗo, filaya ta biyo ta, ƙusoshi suka watse ko'ina. Layi ya rushe, kowa ya zagaye mu da waya a sama, masu ba da shawara sun fi masu kallo yawa.

"Hagu, Mama, hagu!"

"Ki bi ta ƙarƙashin maɓalli!"

"A hankali, akwai mutum a ciki!"

"Kwana tara na yi ina aikin nan!" in ji mutumin da ke ciki. "Ki bi ɗinki mana! Wa ya koya miki yanka?"

Ta ci gaba da yago. Hawa na farko ya tafi, na biyu ya tafi. Saura minti tara ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta lalubo, ta fizgo wani curin soso da fasfo biyu manne a jiki.

To ga yadda ya jera su. Da ya shafa gam ɗin, nasa ya fara ɗorawa, domin shi ne maigida, shi ne a gaba. Na Yaya a kan nasa ya ɗora, ya ɗaure da roba. Zafin hanya da gumi suka narka gam, ya tsotse cikin na ƙasa tas. Yaya ta cire robar, nata ya fito fes, ko tabo babu. Ta miƙa wa jami'in ya buɗe, ya dube ta, ya gyaɗa kai.

Ya ɗauki na maigida. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur, ya yi ƙara kamar katako. Ya sa farce, ya sa ƙarfi, da ƙyar ya ɓare gida biyu. Rabin fuskar Sha-Kurum na wannan shafi, rabi na wancan, hancin kuwa ya bi soso.

"Baba, da wannan ko ƙofar nan ba za ka wuce ba."

Sha-Kurum ya yunƙura ya zauna a tsakiyar ɓawon rigarsa, daga shi sai singileti da gajeren wando da takalman ƙusa, gutsattsarin soso manne a gashin ƙirjinsa. Ya dubi jama'a, ya gyara murya. Ko a nan bai fasa ba.

"To, Allah bai nufa ba. Maman Likita, ɗauko jakarki mu koma gida. Baɗi ma akwai sanyi, hasken ba inda za shi. Wannan karon mai zip zan yi mana."

Yaya ta miƙa wa jami'in almakashinsa, ta yi masa godiya. Ta karkaɗe soso daga zaninta, ta gyara mayafi, ta ɗauki 'yar jakarta.

"Gaskiyarka, Malam. Hasken ba inda za shi. Baɗi yana nan, shekara goma ma yana nan. Amma yarinyar nan watanta takwas. Baɗi war haka da ƙafarta take gudu, ba za ta tsaya a ɗauke ta ba."

"Ban gane ba. Tafiya za ki yi? Ke kaɗai? Wa zai nuna miki hanya?"

"Akwai alluna. Na iya karatu."

Ta bi ta cikin na'urar, na'ura ba ta ce komai ba. Wata ma'aikaciya ta karɓi jakarta suka ruga tare, ƙofar gilashi ta rufe a bayansu. Wani daga cikin layi ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Ni kuwa kuka nake, ina dariya, ina share majina da bakin mayafi.

Jama'a suka koma layinsu. Mai Walda, duk da bakin nan nasa mai kamar reza, ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa abokinsa a kafaɗa. Sai ga wata dattijuwa mai shara ta iso, ta tsaya ta dubi soso da sifirin da ƙusoshin da suka cika ƙofar tun daga nan har bakin titi.

"Kayan wane ne wannan?"

Ta dubi mai takalman ƙusa, ta miƙa masa tsintsiyar.

Ya karɓa. Ya yi shara ɗaya, biyu, sannan ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa yadda Mai Walda ba zai ji ba.

"Ƙanwa, da za ta shiga… ta waiwayo?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma ni ƙanwarta ce.

"Ba ta waiwayo ba, mijin Yaya. Ga wata ƙusa can ka bari."